Rasuwar Uwar Amo, Lasifikar da Aka Binne da Ranta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, irin wanda ba ya barin loma ta wuce maƙogwaro, Malam Ɗan Azumi Mai-Lasifika na bakin kasuwar Magariya yana sanar da dangi da abokan arziki, da maƙiya waɗanda ya san sun riga kowa ji, rasuwar abar ƙaunarsa Uwar Amo, wadda aka sauke a ƙofar gidansa cikin buhun gyaɗa, bakinta cike da ƙasa, warin magani na tashi daga cikinta.

Yana kuma roƙon jama'ar da suka cika ƙofar gidan a yanzu haka su rage surutu, gidan makoki ne. San noman da suke gani ɗaure a gindin dogon yaro ba sato shi aka yi ba. Bafillacen da ya rungume wuyansa tun safe, Labbo mai amalanke, ba wanda ya taɓa shi, shi ya ga dama ya zauna cikin rana. Mahaucin da ke wasa wuƙa a gefe kuwa aikinsa yake yi. Masu cewa zalunci ne a yanka wa talaka sa saboda ƙarfe, su karanta wannan sanarwa har ƙarshe, ko su sa a karanta musu, sannan su faɗi wanda ya kamata ya biya in ba Labbo ba.

Marigayiya ta zo garin nan a shekarun da gyaɗa ke da mutunci. Jiki uku gare ta: ƙaho mai faɗin baki kamar masaki, da akwatin ampili mai ƙananan fitilu a ciki, da garmaho mai juya faifai. Ranar da aka fara ɗaure ta a kan sanda a bakin kasuwa, ta yi gyaran murya, ƙiiiii, jakuna suka tsinke igiya, wata mai fura ta kifar da ƙwaryarta. Sannan ta ce, da muryar maigidanta amma an ninka ta goma: "Alo, alo. An, de, turwa. Alo." Tun daga wannan rana ba a sake yin wani abu a Magariya ba tare da saninta ba.

Ita ke neman ɓatacciyar akuya. Ita ke faɗin ranar awon gyaɗa da ranar zuwan masu lamba. Ta raka amare, ta taya suna, tun daga Mallawa har Dungas, kuma in iska ta yi mata kirki har mutanen ƙetaren iyaka sukan ji ta su gyara zama. Ba ta taɓa yin ƙarya ba sai wadda aka sa mata a baki. Ba ta riƙe mutum a zuci, abin da ke cikinta take faɗa, a gaban kowa, ranar kasuwa. Wanda ya yi biki bai gayyace ta ba, washegari sai gari ya ji tana jajanta masa, tana tambaya ko lafiya aka yi shagali shiru kamar ana rabon kayan sata. Akwai wani attajiri da ya taɓa kiran ta gwangwani mai haushi. Ba ta ce masa komai ba. Ran Juma'a ne kawai, mutane na fitowa daga masallaci, ta yi shela cewa an tsinci hularsa a bayan katangar wani gida da ta ambata, ya zo ya karɓa, ba a neman tukwici. Yanzu a Damagaram yake zaune. Irin kirkinta ke nan, da irin kunyarta.

Ciwon ajali ya kama ta ne a wani biki a Mallawa, farkon damina. Ta fara da shaƙewa, sai tari, magana ta shiga lafiya ta fito da ƙaya. Ana tsakar kirarin ango ta yi gurnani irin na raƙumin da ake ɗora wa kaya, gurrr, ta yi shiru. Mai gyaran rediyon garin nan ya buɗe cikinta ya leƙa, ya rufe, ya ce sai Kano. Ɗan Azumi da kansa ya kai ta, a kan cinyarsa, bai yarda ta hau bayan mota ba. Ya bar ta wurin wani gwani ya dawo jira.

Gwanin ya cika gwani, abin da ya jawo masifar ke nan. Ya sake mata fitilu, ya sake mata wayoyi, ya shafe ƙahon da koren fenti har mutum na ganin fuskarsa a jiki. Tsohuwa ta fita ƙasar, budurwa za ta dawo. Kowa kuwa ya san ba yadda za a yi ma'aikacin duwan, wato kwastan, a bakin iyaka ya kalli wannan sheƙi ya yarda ba sabon kaya ba ne.

Nan Barau ya shigo labarin. Wanda bai san Barau ba, shi ne direban kamiyon nan, babbar motar kaya mai jan baki da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Magariya, kaya a ƙasa, mutane a sama. Mutumin da ya taɓa shigo da atamfa cikin taya, ya shigo da sukari cikin tulun da aka rufe bakinsa da daddawa. Ɗan Azumi ya same shi a tasha, ya biya shi kuɗin kaya cif, ya ƙara masa na goro, don kada gobe a ce alfarma ya nema. Abin da ya ce masa, a gaban shaidu, shi ne: "Ka kawo mini ita lafiya, kuma kada idon duwan ya sauka a kanta." Iyakar abin da ya ce ke nan. Yana so a lura bai ambaci likkafani ba.

Shekarar kwalara ce, kowa na tafiya da hannu a hanci. Barau ya duba zamani ya duba kaya, dabara ta zo masa. Ya jera jikin marigayiya a kan katako, garmaho a ƙafa, ampili a ciki, ƙaho a ƙirji, ya cike tsakani da tsummoki, ya naɗe da farin alawayyo, ya naɗe da tabarma, ya ɗaure wuri uku yadda ake ɗaurewa. Ya kwantar da ita bayan kan mota, ya ce wa fasinja wani bawan Allah ne ake mayarwa gida. Suka yi masa addu'a suka zauna. Da tafiya ta yi nisa har wani ya jingina da ita yana cin rogo.

A bakin iyaka ma'aikacin duwan ya hau yana zungurar buhuna, ya iso kan tabarma, ya tambaya. Barau ya cire hula ya riƙe a ƙirji.

"Ɗan cin rani ne, shef. Amai da zawo. Jiya da ransa, yau ga shi."

Ma'aikacin bai san lokacin da ya sauko ba. Fasinja ma haka, kowa ta inda ya fi kusa, mai rogo ya faɗa kan wata tsohuwa. Idon duwan dai bai sauka a kanta ba, Barau ya cika rabin alkawari. Abin da bai sa a lissafi ba shi ne, saboda annobar an ajiye wani anfirme, malamin asibiti, a wurin da tano, wato duro, guda na girezil, maganin nan mai wari da ake zubawa a masai. Anfirmen mutum ne mai riƙe aiki. Ya sa aka sauko da tabarmar da dogayen sanduna, ya ɗauki bokiti, ya shiga kwarara. Ya kwarara a kai, ya kwarara a ciki, ya koma ya cika ya dawo, har sai da maganin ya yi kogi a ƙarƙashinta. Waɗanda ke kusa sun ce sun ji wani sauti daga cikin tabarmar, ɓul, ɓul, ɓul, ƙahon na haɗiya. Anfirmen ya ce iskar ciki ce, gawa takan yi haka. Barau na tsaye yana salati da ƙarfi, hawaye na zuba, duk wanda ya gan shi ya ce lallai mamacin ɗan'uwansa ne na jini.

Da ya gama, anfirmen ya ce gawar ba za ta sake hawa mota da masu rai ba. Mota ta wuce, gawa ta bi daji a amalanke, nesa da rijiyoyi.

Labbo yana wurin, ya kawo harawa ya sauke, yana shirin juyawa. Barau ya kira shi ya ce mutumin Magariya ne, a kai shi gidan Ɗan Azumi a bakin kasuwa, can danginsa suke. Bai gaya masa gaskiya ba. Ya ce wai duwan na tsaye kusa, kuma niyyarsa ya sauke fasinja ya juyo ya tare shi a hanya. Ya miƙa masa ladan ɗauka, Labbo ya mayar da hannunsa baya, ya ce shi ba ya karɓar ladan gawa a duniya. Ya ɗaura ta da igiyarsa, ya yanko ganye ya yi mata inuwa, ya ja sansa suka shiga daji.

Rana ta take, sa ya ji ƙishi. Labbo ya tsaya a wajen wani ƙauye cikin ƙasar Yekuwa, nesa da rijiya kamar yadda aka umarce shi, ya ɗaga murya yana neman ruwa. Dattawa suka fito daga gonaki, wari ya tare su. Suka tambaya, ya faɗa musu gaskiya iyakar saninsa. Suka ce ba a taɓa yi ba, a ja musulmi cikin rana kamar itacen girki. Gawa ba ta baƙunta, ƙasa duk ta Allah ce, inda rana ta same ta nan ne makwancinta. Labbo ya ce amana ce, dangi na jira. Suka ce dangi sa zo a nuna musu kabari, kuma ko ya so ko ya ƙi ba zai ratsa gonakinsu da wannan ciwo ba. Shi ɗaya ne, su gari guda.

Aka bar noma ana tsakar noma. Irin wannan mutuwa ba a wanka, ba a buɗewa. Liman ya shiga gaba, sahu ya miƙe. Da aka ɗauki makara kowa ya kai kafaɗa, da tsoro da komai, don ba mai so lada ya wuce shi. Wani ya ce mamacin nan gefe guda ya fi nauyi, wani tsoho ya ce ayyuka ne, kowa da nasa. Aka kwantar da ita a kan dama tana fuskantar gabas, aka jera itace, aka mayar da ƙasa, aka yayyafa ruwa. Uwar Amo, wadda gwanin Kano ya warkar, wadda ƙila da an shanya ta a rana da ta tofar da girezil ta tashi, aka binne ta da sauran ranta. An ce Labbo ya fi kowa daɗewa a durƙushe.

Hannuwa na sama ana addu'ar ƙarshe sai ga kamiyo ya ɓullo ta cikin gero, yana bin sawun amalanke. Barau ya sauko ya ga tudun ƙasa ɗanye. Da mai hankali ne da ya shafa fatiha ya juya. Amma ya tuna bakin Ɗan Azumi, ya ga gara fushin ƙauye. Ya koma cikin mota tukuna, ya kulle ƙofa, ya ɗan sauke gilashi, sannan ya gaya musu abin da suka binne.

Da magirbin da aka haƙa aka tone. Da aka yanke igiya, koren bakin ƙaho ya leƙo yana kallon sama, sai mutanen nan da suka bar gonakinsu, suka sayar da ransu don neman lada, suka gane bayan liman suka tsaya suka yi wa gwangwani kabbara huɗu. Barau na cikin ƙarfe, hannu ba ya kai gare shi. Fushi kuwa sai ya sami masauki. Maza da hauya, mata suka fito da taɓare. Maganarta ta ƙarshe a duniya, bisa shaidar Barau ta kafar gilashi, ita ce: ƙwal, ƙwal, ƙwararam. Liman bai sa hannu ba, mutum ne mai kamun kai. Ya dai nuna da carbi ya ce ga wancan akwatin can ba a taɓa shi ba.

Da suka gaji suka watse, Barau ya tayar da mota ya yi gaba. Labbo ne ya tsince gutsattsarin cikin ƙasa, ya zuba a buhu, ya ɗora a amalanke. Ya ce an ce ya kai gidan Ɗan Azumi, kuma zai kai. Haka ta iso. Da maigidanta ya kwance bakin buhun, abin da ya fara faɗowa kan ƙafarsa shi ne hannun garmaho, a lanƙwashe, da allurarsa a jiki.

To, wa zai biya?

Aka kai magana tasha, ƙarƙashin rumfar Alhaji Modu, Babarbaren nan shugaban direbobi, wanda ke kashe rigimar kaya tun ba ta kai kunnen jandarma ba. Tasha ta cika har kan motoci. Ɗan Azumi ya ce ya biya kuɗin kaya, kuma ko jariri ya san kaya na wuyan direba tun daga ɗauka har saukewa. Barau ya ce an ce ya ɓoye, ya ɓoye, hukuma ce ta raba shi da kayan, abin da hukuma ta sauke kuwa ba direba ya sauke ba. Aka ambaci anfirme, aka ga ba mai ƙarfin halin kiransa, kuma in an kira shi me za a ce ya yi. Aka ambaci mutanen ƙauye, sai wani ya ce ai sun aiko, sun ce duk mai zuwa neman biya ya taho da likkafaninsa, ramin na nan ba a cike ba.

Alhaji Modu ya bari kowa ya ƙoshi da magana. Ya ɓare goro, ya duba cikinsa, sannan ya ɗaga kai.

"Malam Ɗan Azumi, abu guda zan tambaye ka. Abin da Barau ya ɗauko maka, kaya ne ko gawa?"

Bai bari ya amsa ba sai da ya shimfiɗa masa hanyoyin biyu. In kaya ne, Barau zai biya har ƙusa ta ƙarshe, ko da zai sayar da tayoyinsa. Sai dai kayan da suka ƙetare iyaka da takarda suke tafiya, dole a kira duwan su shaida, su kuwa in sun zo ba a tasha za su tsaya ba, sai sun leƙa ɗakin mai kaya sun ga abin da ya saba shigowa da shi. In kuwa gawa ce, kamar yadda duwan da anfirme da liman da gari guda suka shaida, to tun da aka kafa tasha ba a taɓa cewa direba ya biya gawa ba.

Ɗan Azumi ya tuna ɗakinsa. Ya tuna batir, ya tuna faya-faye, ya tuna wasu kwalaye a ƙarƙashin gado da ba su taɓa ganin hatimi ba. Ya tuna kaso, gidan yari.

"Gawa ce," in ji shi.

Wani daga kan mota ya ce ba su ji ba, a ɗaga murya. Tasha ta fashe da dariya. Shekara da shekaru ba a yi wa Ɗan Azumi dariya a fuska ba, don kowa na da hular da za a iya tsinta a bayan wata katanga. Ran nan har masu tallan ƙosai sai da suka dara. Ya tsaya a tsakiyarsu da buhunsa, ya gane ba ƙarfe kaɗai aka binne ba, kuma in ya bar rumfar nan hannu wofi, gobe ko akuya ba za ta matsa masa a hanya ba.

Alhaji Modu ma ya gane. Ya san Kano ba ta tashi daga inda take ba, mutumin da ya sayi lasifika sau ɗaya zai iya sake saye, kuma ba ya so sabuwar ta koyi sunansa. Direbansa ba zai biya ba, amma dole wani ya biya. Ya waiga. Can bakin rumfa Labbo na tsugune, ya zo ne ya karɓi buhunsa in an gama da shi.

"Kai, bawana, matso nan."

Labbo ya taso yana murmushi, don tsakanin Babarbare da Bafillace ba a gaisuwa sai da zagi. "Yaushe ka saye ni, mai tsagen fuska? Da me, da kanwa?"

Aka yi dariya. Alhaji Modu ya tambaye shi wa aka danƙa wa gawa, ya ce shi. Ina aka ce ya kai ta, ya faɗa. Can ya kai ta, ko a hanya ya ba waɗanda ba danginta ba? Labbo ya ce ƙwace ta suka yi. Alhaji ya ce ashe dai daga hannunsa ta fita.

"Hannun ƙarshe shi ke biya. Gawa ba a biyanta, amma ana yi mata sadaka. Sanka ya isa."

Labbo ya bugi cinya yana dariya. Ya ce tun kaka da kakanni Barebari ke haɗiyar yawu kan shanun Fulani, ba su taɓa samun ko kofato ba. Ya waiga yana neman masu taya shi, aka taya shi. Yana cikin dariyar ƴan kamasho suka kwance san daga amalanke suka miƙa wa Ɗan Azumi igiya. Amalanken ya kifa baki ƙasa.

"Alhaji," in ji Labbo, "wasa ya ƙare."

"Tun ɗazu," in ji Alhaji Modu.

Tun daga nan Labbo ke bin mutane yana cewa shi ko ladan ɗauka bai karɓa ba, don Allah ya yi, kuma san nan shi ne gonarsa, shi ne kasuwarsa. Masu taushin zuciya na ta maimaita wannan a ƙofar gida. Amsar Ɗan Azumi ita ce, ai nan laifin yake. Da ya karɓi lada da ya san kaya ya ɗauko, da ya tsaya ya yi faɗa a kansu. Wa ya aike shi neman aljanna da dukiyar mutane? Barau ya yi ƙarya, amma don ya cece ta ya yi. Anfirme aikinsa ya yi. Ƙauyawa addininsu suka yi. Mutum ɗaya ne a duk hanyar nan da ba abin da ya tilasta shi sai kirki, kuma a hannunsa ta mutu.

Marigayiya ta rasu ta bar mijinta, batir, wanda ke zaune a lungu tun ranar, ƙarfinsa na zurarewa ba mai tambayarsa. Ta bar ƴarta mikoro, abar da ake magana a bakinta, wadda ta tsira don ba a tafi da ita ba, yanzu in ka yi mata magana ita kaɗai ke ji. Ta bar faya-faye marayu cike da kwali, da doguwar sandar bakin kasuwa, wadda wata mai wanki ta riga ta ɗaura wa igiyar shanya, kuma an ga fuskarta. Ta bar maigidanta, wanda sai yanzu gari ya san ainihin muryarsa. Jiya ya kira mai goro daga tsallaken hanya har sau nawa, ba ta waigo ba. Ba raini ba ne, wai ba ta ji ba.

Za a yi jana'iza yau bayan La'asar, a bayan gida, kusa da turken awaki. Barau ne ke haƙa, da hannunsa, wannan na cikin sulhu. Ba za a yi salla ba, an riga an yi mata, kuma limamin unguwa ya aiko cewa wanda ya kuskura ya sake kada ya ƙara tako masa masallaci. Ana sa ran ganin duk wanda aka taɓa nemo masa akuya, da duk wadda aka taɓa raka ta ɗakin miji. Waɗanda suka yi dariya a tasha su ma su zo, an san su, zuwansu zai rage wani abu. Cinya guda ta Alhaji Modu ce. Hanta ta mai haƙa. Labbo, a matsayinsa na wanda ya raka gawa, an ware masa kai da ƙafafu, in ya kawo kwano.

Ana sanar da masu jiran ko za a fasa cewa su daina jira. An ɓamɓare hannuwan Labbo daga wuyan san, mutum huɗu suka yi aikin, an kayar, an yanka. Labbo bai yi kuka ba. Ya zauna inda aka ajiye shi yana kallon igiyar.

Ana cikin fiɗa wani baƙo ya yi sallama. Dogo ne, da malafa, da takobi a rataye, ba wanda ya taɓa ganin sa a Magariya. Ya ce sunansa Gidaɗo, daga dajin bayan Dungas. Labbo na jin muryarsa ya sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyi. Baƙon ya yi ta'aziyya yadda ake yi, ya tambayi haƙuri, ya yi wa mamaciya fatan samun sauƙi. Aka kawo masa ruwa, ya gode, bai sha ba. Ya taka zuwa inda aka ajiye kan san, ya juya kunnen da bakin sandarsa, ya daɗe yana duban tsagar da ke jiki. Sannan ya dawo ya zauna gaban Ɗan Azumi, gwiwa da gwiwa, ya ce cikin Hausarsa mai sanyi, shi ne ya ba Labbo aron san nan ya yi noma da shi ya ci abinci, kuma a hanya ya ji hukuncin da aka yanke a tasha, ya yi masa daɗi ƙwarai.

"An ce a garinku hannun ƙarshe ke biya. Hukunci mai kyau, Malam. To, a hannun wa sana ya mutu?"

Aka nemi Alhaji Modu, aka ce ya tafi alwala. Mahauci ya ajiye wuƙa ya ce shi ɗan haya ne. A waje kuwa baƙi na ta isowa, biyu-biyu, uku-uku, kowa da malafa da sanda, kowa ya yi gaisuwar haƙuri ya nemi gindin katanga ya zauna. Sun kusa zagaye gidan, kuma ba wanda ya zo da kwano.

Jana'iza na nan bayan La'asar kamar yadda aka faɗa. Sai dai ana roƙon Barau, in bai riga ya tsallake katanga ba, ya ƙara wa ramin tsawo.